Yadda ake ɗaukar magini don filasta da gyaran wajen gida ba tare da an yi rigima ba

A duk ayyukan gini babu wanda ha'inci ke ɓuya a cikinsa kamar filasta. Ranar da aka sauke katakan hawa, filastar kirki da ta banza kamanninsu ɗaya ne, bango sumul, kowa na cewa madalla. Sai damina ta zo ta wuce a ga bambanci: wani bangon yana nan daram, wani ya tsattsage, wani kuma ya kumbura ya fara ɓarewa daga ƙasa. A lokacin magini ya daɗe da karɓar cikon kuɗinsa, yana can wata unguwa. Don haka yawancin aikin mai gida kafin a kwaɓa buhun farko yake, wato wajen zaɓen mutum, da rubuta jinga, da tsara biyan kuɗi yadda ba zai taɓa shiga gaban aiki ba.

Bayanin nan na wanda ya kai gininsa na bulo ga rufi ne a garuruwa irin su Kano, Kaduna, Zariya, Katsina ko Sakkwato, da kuma mai tsohon gida da ke son sabunta fuskarsa.

Mataki na 1: San girman aikinka kafin ka kira kowa

Wanda bai san faɗin bangonsa ba, duk kuɗin da aka yanka masa sai dai ya yi ta neman ragi a makance. Awon ba shi da wuya. Ka zagaya gidan da tef ka haɗa tsawon bangayen waje, ka ninka da tsayinsu, sannan ka cire ƙofofi da tagogi. Misali gida mai mita 12 a tsawo, 10 a faɗi, tsayin bango mita 3: zagayensa mita 44 ne, sau 3 ya ba da murabba'in mita 132. Idan ƙofofi da tagogi suka ci kamar 20, saura 112. Sai ka ƙara rawani, wato ɗan bangon da ya zarce saman rufi, idan akwai, da katanga ciki da waje idan ita ma za a shafe ta. In ba ka da tef, ƙirga bulo: bulo 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya.

Buhun siminti kilo 50 ne. A kwaɓin da ya dace da waje, kauri kamar milimita 15, buhu ɗaya yana rufe murabba'in mita 7 zuwa 10, gwargwadon miƙewar ginin. Ke nan gidan misalinmu zai ci buhu 12 zuwa 16. Idan wani ya ce maka 40, akwai tambaya. Idan ya ce 8 ma sun isa, tambayar ta fi girma, domin yashi zai cika maka.

Ka kuma yanke shawarar irin fuskar da kake so. Akwai lallausar filasta da ake gogewa da katako da soso a bi da fenti. Akwai mai ƙurji da ake fesawa da ƙaramin injin hannu, wadda ake kira tairoliyan, tana ɓoye ƙananan karkata amma tana riƙe ƙurar hunturu. Akwai masu ƙara sikiridin a kan filasta don bango ya yi santsi kafin fenti, da masu manna tayil ko dutse daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. Kowanne da kuɗinsa, kuma ba kowane magini ne ya iya duka ba.

Kafin filasta sai an gama rufi, an sa firam na ƙofofi da tagogi da ƙarafan kariya, mai wayarin da mai famfo sun binne bututunsu. Bangon da aka shafe aka dawo aka fasa don saka bututu, facinsa ba ya ɓacewa ko fenti nawa aka yi. Idan kuma aikin ya haɗa da sabuwar katanga, shago ko dakalin da zai shigo kan layi, ka fara zuwa hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, kada ka wayi gari da jan fenti a bangonka.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci

Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so ya yi ƙarfi a hankali. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan filasta cikin sa'o'i, zafin bazara na watan Maris zuwa Mayu ma haka, ruwan Agusta kuma kan wanke ɗanyen shafe kafin ya kama. Lokacin da ya fi daɗi shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, wajen Oktoba. Wannan ba ya nufin ba a aiki a sauran watanni. In dole ne a yi da rani, a fara da sassafe, a riƙa bin inuwa, a shafe bangon yamma da safe, na gabas da yamma, a kuma ninka ban ruwa.

Mataki na 3: Nemo mutumin, kuma ka je ka ga tsohon aikinsa

Masu wannan aiki kashi uku ne. Akwai birkila mai yaransa biyu ko uku, wanda shi da kansa ke riƙe cokali. Akwai ɗan kwangila da zai karɓi aikin gaba ɗaya, ya kawo birkiloli da mai fenti da mai tayil, kai da shi kaɗai za ka yi magana. Akwai kuma kamfani mai rajista. Gida mai hawa ɗaya, birkila nagari ya wadatar. Bene, ko ginin da ke da tsagewar da ta ratsa bulo, yana buƙatar idon ƙwararre mai rajista da hukumar magina ta ƙasa, CORBON, ko injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, kafin a rufe komai da shafe.

Hanyar samu mafi inganci ita ce ƙafarka. Ka zaga unguwa, gidan da bangonsa ya burge ka ka yi sallama ka tambayi wanda ya yi. Masu sayar da siminti da masu buga bulo ma sun san magina sarai, sun san mai aiki da mai cin bashi, ko a shagon unguwa ne ko a manyan kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja. Masu zama a matattara da safe da shebur da cokali suna da amfani wajen ƙaramin faci na yini ɗaya, amma kada ka damƙa gida guda ga wanda ba ka san inda yake kwana ba. Hotunan WhatsApp da Facebook kuwa ba hujja ba ne, kowa na iya ɗaukar hoton gidan wani.

Ɗan'uwa ko suruki fa? Ba laifi in ya iya aikin. Sai dai ka tambayi kanka ko za ka iya cewa ya farfasa bango ya sake in ya ɓata. In kunya ba za ta bari ba, ka nemi bare.

Yanzu ga abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin komai. Ka ce wa magini ya kai ka aikin da ya yi wanda ya sha damina biyu, ba wanda ya gama makon jiya ba. Gani ya kori ji. In kun je, fara da bangon gabas, domin a ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, kuma wannan bangon ne ke shan dukan ruwa da iska. Ka duba ƙarƙashin tagogi ko akwai baƙin zane na ruwa. Ka duba gindin bango ko ya yi farin gishiri yana ɓarewa. Ka ɗauki makulli ka riƙa ƙwanƙwasawa kana tafiya: inda shafe ya kama ƙarar a cike take, inda ya rabu da bulo za ka ji ƙwal-ƙwal kamar ƙwarya. Ka murza bango da babban yatsa a inda babu fenti, in yashi na zubowa to siminti ya yi ƙaranci ko ba a ba shi ruwa ba. Sannan ka jingina kuncinka da kusurwa ka hango tsawon bangon, zai fi kyau da la'asar lokacin da rana ke haskowa a karkace, duk tudu da kwari zai fito fili.

Ka samu mai gidan shi kaɗai, ba a gaban magini ba, ka tambaye shi abu uku: ya gama a lokacin da ya ce? Ya nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki? Da aka kira shi gyara, ya dawo? Ko bai faɗa maka kai tsaye ba, yadda zai ce "to, ba laifi dai" ya ishe ka.

Shi ma maginin ka yi masa tambayoyi cikin mutunci. "Malam, baro nawa na yashi kake sa wa buhu a filastar waje?" Amsar da ake so ita ce biyu, ko biyu da rabi. Buhu ɗaya daidai yake da kwanon gini 2, baro kuma yana ɗaukar kwano kamar 4, don haka baro 2 shi ne awo 1 na siminti ga 4 na yashi. Baro 3 na cikin ɗaki ne. Wanda ya ce 4 ko ya ce "ai da ido muke gani", ka gode masa. Ka tambaye shi kwana nawa ake ban ruwa, aiki nawa ne a hannunsa yanzu, kuma shi zai tsaya ko yaransa zai turo. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin sau da yawa sunan gwani ake saya, almajirinsa ya yi aikin.

Mataki na 4: Ciniki

Ka karɓi farashi daga mutum uku, kowanne ya zo ya ga ginin da idonsa, kuma ka gaya musu aiki iri ɗaya don kwatancen ya yi ma'ana. Hanyoyin biya uku ne. Na yini, inda ake biyan birkila da lebura kullum, yana jan aiki idan ba ka tsaye a kai. Jingar hannu, inda ka sayi kaya shi kuma ya yanke kuɗin aikinsa, tana sa sauri, wani lokaci saurin da ya wuce kima. Sai kwangilar da ta haɗa kaya da aiki, wadda ta fi hutu amma a nan ne ake rage siminti, tunda duk buhun da bai shiga bango ba riba ne.

A ganina jingar hannu ta fi wa mai ƙaramin gida, a yanke ta kan murabba'in mita ko kan kowane bango, kaya kuma su fito daga hannunka. Wani dalilin shi ne tashin farashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa cikin 'yan makonni, kuma kwangiloli da dama sun tsaya cak saboda an yi ciniki da tsohon farashi. In kai ke sayen kaya, wannan gardamar ba ta taso ba.

Kada ka ruga wa mafi araha. Wanda ya karya farashi ƙwarai, ko dai bai fahimci girman aikin ba, ko yana da niyyar dawowa da "Alhaji, aikin nan ya fi yadda na zata" bayan ya shafe rabi, lokacin da ba wanda zai so karɓar ragowar. Ka kuma fayyace ƙananan abubuwan da ke haddasa faɗa: gefen tagogi da ƙofofi, ginshiƙai, rawani da ado suna cikin kuɗin ko daban? Wa zai kawo katakan hawa? Wa zai biya 'yan ga-ruwa ko tanka? Abincin rana fa? Wa zai kwashe ɓaraguzai?

Mataki na 5: A rubuta

Mutanenmu na jin nauyin takarda, kamar nuna rashin yarda ne. Ba haka ba ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba sai an je wurin lauya ba. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, boko ko ajami, kowa ya riƙe kwafi, shaidu biyu su sa hannu, zai fi kyau a samu mai unguwa ko wani dattijon da ku biyun kuke jin nauyinsa.

A rubuta sunan magini da inda yake zaune, bangayen da za a shafe ɗaya bayan ɗaya, awon kwaɓi, irin fuskar da aka zaɓa, jimillar kuɗi, ranar farawa da ta gamawa, wanda ban ruwa ke wuyansa, da cewa duk inda aka ƙwanƙwasa aka ji rami zai fasa ya sake ba tare da ƙarin kuɗin hannu ba. A ƙara layi ɗaya: duk aikin da aka ƙaro daga baya sai an yanke kuɗinsa kafin a taɓa shi. "Ɗan gyara min nan tunda kana wurin" ita ce ke zama rigimar ranar sallama.

Sai tsarin biya, wanda shi ne linzamin aikin. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100, abin da zai isa ya tara yaransa ya kawo kayan aiki. Sauran a raba shi bisa bangon da aka gama kuma ka duba, ba bisa ranaku ba. A riƙe kashi 10 sai bayan an ga yadda aikin ya zauna. Wannan ba zalunci ba ne, manyan kwangiloli ma ana riƙe kashi 5 zuwa 10 har tsawon wata 6, amma dole a faɗe shi tun farko, ba ranar biya ba. Ka riƙa biya ta banki don shaida ta zauna, in kuma hannu da hannu ne a rubuta a bayan takardar ya sa hannu.

Za a zo maka da uzuri, haihuwa, rashin lafiya, kuɗin makaranta, kuma galibi gaskiya ne. In za ka taimaka, ka taimaka daga aljihunka a matsayin kyauta ko rance daban, kada ka taɓa kuɗin jinga. Ranar da kuɗin da ya karɓa ya zarce aikin da ya yi, daga ranar kai ke binsa da waya. A ɗaya gefen kuma, in bango ya kammala ka biya a ranar. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma lebura da abin da ya samu yau yake cefane. Ka riƙa ɗan tambayar leburorin ko ana sallamarsu, domin in maigidansu ya riƙe musu, ƙofarka za su zo.

Mataki na 6: Kaya

Siminti, ko Dangote ne ko BUA ko Ashaka, abin dubawa shi ne sabunta. Ka danna buhu, in ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri ya sha danshi. Wanda ya haura wata 3 a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa. A lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhu, mai 32.5 ya isa filasta, ba sai 42.5 ba. A jera buhuna kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ke da makulli, a riƙa fitar da na yini, da yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage. Magini na gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi daga zargi.

Yashi ne ya fi yaudara. Mai laka yana da daɗin shafawa, magina na sonsa don yana bin cokali, amma shi ne ke tsattsagewa in ya bushe. Kafin tifa ta juye, ka gwada: zuba yashin a kwalba mai haske zuwa rabi, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza sosai ka ajiye sa'a 3. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In yashin ya kai santimita 10, kada lakar ta kai santimita 1. A tankaɗe shi a raga don fitar da tsakuwa da saiwoyi. Ruwa kuma wanda za ka iya sha ne ya dace, ba na kwata ko kududdufi ba, kuma rijiya mai kanwa ko gishiri tana fito da farin tabo a bango.

Mataki na 7: Ranakun aiki

Kafin a kafa katakan hawa ka sanar da maƙwabta, tunda ma'aikata za su hango cikin gidajen mutane, iyali su san lokacin da za a hau da lokacin da za a sauka. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki da ta bi kusa da bango. Doguwar sandar alminiyam da ake daidaita shafe da ita tana ɗaukar wuta, kuma "ai babu wuta" ba dabara ba ce, ana iya kawo ta kowane lokaci. Katakan hawa su zama masu kauri, a ɗaure su, ba bulo a kan ganga ba.

Ka sa a fara da bangon baya, wanda ba kowa ke gani ba, ya zama gwaji. In hannunsa bai yi maka ba, gara ku rabu a nan da a fuskar gida.

Ga abin da idonka zai bi. A share bango, a kankare busasshen kwaɓin da ya zubo tsakanin bulo, a jiƙa shi tun daren jiya da kuma safiyar aiki, domin busasshen bulo yana tsotse ruwan shafe ya hana shi kamawa. Ginshiƙai da linta na kankare suna da santsi, sai an sassare su ko an watsa musu ruwan siminti mai kauri ya kwana. Inda bulo ya haɗu da kankare, da inda aka binne bututu, a buga ragar waya kafin shafe, domin a nan tsaga ke fara fitowa. A ja igiya, a sa ma'aunin tsaye, a manna 'yan alamun kauri a bango don kada a shafe da ka. Inda gini ya karkace har kaurin zai wuce milimita 20, a yi shi hawa biyu, a ƙarce na farko a bar shi ya kwana kafin na biyu. Shafe mai kauri da aka lafta lokaci ɗaya nauyinsa ke janyo shi ƙasa.

A yi kwaɓi a kan daɓe ko faranti, ba a kan turɓaya ba, a gauraya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa. Kada a kwaɓa abin da ba za a ƙarar cikin sa'a ɗaya ba. Wanda ya fara daskarewa lokacin hutun azahar aka dawo aka farfaɗo da shi da ruwa ya riga ya mutu, a zubar. Haka kuma kada a yarda a barbaɗa busasshen siminti a kan ɗanyen shafe don ya yi sheƙi, wannan fatar ce ke yin tsaga kamar saƙar gizo. Aikin yini ya tsaya a kusurwa ko gefen ginshiƙi, ba a tsakiyar bango ba.

Wuraren ruwa su ne ke nuna gwani. Dakalin taga ya gangaro waje, a tsaga ɗan layi a ƙarƙashinsa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Kan rawani da kan katanga a yi musu hula mai gangara. Indararo ya fito da nisa, inda ruwansa ke sauka a yi daɓe. Ƙasar gindin bango ta gangara nesa da gida, kuma kada a tara ƙasa ko a ɗaga intalok har ya haura matakin daɓen ciki, in ba haka ba danshi zai riƙa hawa bango kowace damina, fenti na kumbura.

Mataki na 8: Ban ruwa

Kwana 7 a jere, safe da yamma, daga washegarin shafe, da hunturu ko bazara har da rana. Yayyafi ake yi har bango ya ƙoshi, ba watsa bokiti ɗaya a wuce ba. Magini ya riga ya koma wani bangon, don haka ka ɗora wa mutum ɗaya takamaimai, maigadi ko wani yaro, ka biya shi daban. Kuɗin ruwan nan shi ne mafi ƙanƙanta a duk aikin, kuma rashinsa na iya lalata buhu 16 gaba ɗaya.

Mataki na 9: Fenti

A jira mako 4. Sabon siminti yana da kaifin da ke cin fenti, danshin ciki kuma yana tura shi waje. In kana shakka, manna leda mai haske a bango da salatif ta kwana, in ta yi gumi da safe bai bushe ba. A sayi fentin da aka rubuta na waje ne, a buɗe bokiti a gabanka, a bi awon ruwan da kamfani ya rubuta a jiki, domin tsinka fenti da ruwa ita ce ha'incin wannan mataki. Shafin share fage ɗaya, sannan hannu biyu. Fentin mai a kan bangon siminti na waje yana toshe danshi a ciki, a bar shi ga ƙofofi da ƙarafa.

In gidan na ƙasa ne

Wannan hukuncinsa daban. Siminti da jar ƙasa ba sa riƙe juna, zafi da sanyi na motsa su ba daidai ba, sai shafen ya rabu ya bar rami a baya. Ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, wata rana cikin Agusta ɓangare guda ya zube. Magina na gargajiya da yaɓe suke kare bango, da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da kuma laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Har yanzu akwai masu wannan sani a tsofaffin birane irin Kano da Zariya, inda zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, suka riƙe sana'ar, kuma ta hannun Sarkin Magina ake samunsu. In ka nace sai siminti, a buga ƙusoshi da ragar waya a jikin bango, kwaɓin ya zama mai sauƙin siminti, a kuma tabbatar kan bangon a rufe yake ruf.

Mataki na 10: Karɓar aiki

Ku zagaya tare da magini da rana, makulli a hannunka, alli a nasa. Duk inda ya yi ƙarar rami, ko kusurwa ta karkace, ko gefen taga bai miƙe ba, a zana masa alama. Ka ɗora doguwar sanda ta mita 2 a bango, ratar da ke ƙarƙashinta kada ta wuce kaurin tsabar kuɗi biyu. Ya gyara, ya kankare simintin da ya zuba a firam da gilashi, ya kwashe shara, sannan ka biya komai ban da kashi 10 ɗin nan.

In saɓani ya taso, kada ka fara da 'yan sanda, wannan ba laifin sata ba ne, ciniki ne. A koma ga shaidun takarda, in ya faskara a je wurin mai unguwa ko shugaban ƙungiyar magina na yankin, kotu ce ta ƙarshe. In ya gudu ya bar aiki, ka ɗauki hotuna, ka sa shaidu su auna abin da aka yi kafin wani ya ɗora hannu, don a san haƙƙin kowa.

Bayan ruwan sama mai ƙarfi ya sauka sau biyu ko uku, ko wata 6 sun cika, ka sake zagayawa. Siraran tsaga kamar gashi da ba sa ɗaukar farce ba abin damuwa ba ne, fenti na rufe su. Tsagar da ta bi layin bututu ko gefen linta, da wurin da ya kumbura, gyaran magini ne, ya zo ya yi kafin ya karɓi cikonsa. Wadda kuwa ta tafi a karkace kamar matakala, tana faɗaɗa, ta kuma fito ta cikin ɗaki, ba laifin filasta ba ce, daga tushe take, injiniya za ka kira, kuma maginin filasta a ba shi kuɗinsa cif.